Rabon Ƙofofi

Kwamfuta ɗaya ce a ɗakin karatun unguwarmu
a Tacuarembó, bayan tashar manyan motoci.
Ɗaya tak, mu kuwa mu goma sha bakwai ne a kanta,
kamar kaji a bakin kasko guda.

Daren Lahadi na zauna, shayin mate ya huce a ƙoƙo,
na shiga da sunan da ya fi sauran sunaye iko,
na soma rabon ƙofofi.

Yara na yanka musu gajeren jeri:
zane, lissafi, taswirar duniya mai juyawa.
Baƙar tagar umarni na ɗauke daga idonsu
yadda uwa kan ɗora ashana a saman kabad.
Ban hana ba, ɓoyewa na yi.
A daren ban san bambancin ba.

Don Eleuterio, mai tumaki ɗari uku da lafiyayyen ido ɗaya,
alama biyu na bar masa, manya kamar tafin hannu:
ɗaya farashin ulu, ɗaya fuskar 'yarsa da ke Vigo.
Ya ce, “Sauran fa?”
Na ce, “Kana so?”
Ya ce, “A'a. Tambaya dai na yi.”

Matan ƙungiyar saƙa, shafi ashirin a mako,
don tawada ba ruwan rijiya ba ce.
Baƙo mai wucewa, minti arba'in,
in ya tashi na'ura ta share sawunsa tas,
ko sunansa ba za ta riƙe ba.

Na kwana ina jin kaina sarauniyar makullai.

Ranar Laraba na dawo daga ɗora ruwan zafi,
sai ga baƙar taga a buɗe,
ga Yamandú, ɗan shekara goma sha ɗaya,
ƙafafunsa ba su ma kai ƙasa ba.
Na ce, “Ta ina?”
Ya ce, “Ta Taimako, Doña Nélida.
Taimako ya kai ni shafi, shafi ya kai ni jaka,
jaka ta kai ni ko'ina.
Kin cire sunan ƙofar ne, ƙofar tana nan.”

Na duba me ya ɓata.
Agogo ya gyara.
Tun watan Maris yake baya da awa guda,
shi ya sa tsohon kan iso kiran 'yarsa
bayan ta gaji ta tafi aiki.
Wata biyar ina kallon agogon nan, ban gani ba.

Faɗan da na ɗauko ya narke a baki.
Na jawo kujera.
Muka bi gidan ɗaki-ɗaki, shi yana turawa, ni ina sa sakata,
wannan karon a kan izini, ba a kan jeri ba:
wa zai karanta, wa zai rubuta, wa zai taɓa.
Duk inda ya kutsa sai ya yi dariya,
duk inda ya kasa sai ni na yi.
Da yamma na buɗe sabon rukuni, Masu Gyara,
suna biyu a ciki, ɗaya ba ya kaiwa kan kanta sai ya yi ɗage.

Yana shirin tafiya ya nuna ƙasan allo:
“Wannan Amílcar ɗin, shekara biyu bai shiga ba.
A share shi? Yana cin wuri.”

Na'ura ma ta sha tambayata haka,
da maɓallanta biyu, Ee da A'a.
A jakarsa akwai wasan dara da bai ƙarasa ba,
da wasiƙa mai layi uku, sunana a na farko.

Na ce, “Bar shi.
Wannan babu ƙofar da na rufe masa.
Kashe fitila in za ka fita.”